Bayan an Rataye Takardar Rajista: Wajiban Doka a Kan Ƙungiyoyin Taimakon Al'umma a Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Maƙalar ta duba nauyin da dokokin Najeriya suka ɗora wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba bayan sun yi rajista, sannan ta auna shi da yadda ƙungiyoyin ci gaban gari, kwamitocin masallatai da Islamiyyu, da gidauniyoyin marayu ke tafiyar da al'amuransu a Birnin Kudu da Gwaram. Matsayarta ita ce, muhawarar da aka sha a ƙasa ta ƙare ne a kan tsoron kada gwamnati ta ƙwace ƙungiya, alhali abin da ke durƙusar da ƙaramar ƙungiya a karkara yana cikin gida: fili da sunan mutum ɗaya, amintaccen da ya rasu ba a maye gurbinsa ba, da rahoton shekara da ba a taɓa kaiwa ba.

Ƙasar da ƙungiyoyinta

Wanda ya shiga ofishin ƙungiyar ci gaban gari a kudancin Jigawa, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne takardar rajista, an sa ta a gilashi an rataye sama da kujerar shugaba, kusa da kalandar da ke ɗauke da hotunan 'yan kwamiti. Ta ci kuɗi, ta ci zirga-zirga, shi ya sa ake ji da ita. Sai dai da wuya a sami wanda zai faɗi ranar da aka kai wa hukumar da ta bayar da ita rahoto na ƙarshe. Mambobi suna ganin an gama aiki, doka kuwa daga ranar ta fara lissafi.

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙananan hukumomi mafi yawan jama'a a cikin 27 na Jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu fiye da mutum 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000. Dukansu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse, Gwaram kuma tana iyaka da Jihar Bauchi. Tun kafin a cire Jigawa daga Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, mutanen wannan yanki sun san aikin gayya, sun san adashi, sun san karo-karo idan rufin masallaci ya yaye. Abin da zamani ya ƙara shi ne suna, hatimi da asusun banki. Yau akwai ƙungiyoyi iri-iri, daga ta tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da Aliko Ɗangote ya yi, har zuwa ta matasan unguwa a Sara ko Fagam ko Sundimina da ke tara kuɗin gyaran famfo, da masu haɗa kuɗin magani ga marasa ƙarfi da ke kwance a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Rajistar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ake fara ruɗewa. Akwai takardar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ke bayarwa, akwai ta ma'aikatar jiha a Dutse, akwai ta ƙungiyoyin gama-kai masu tasu doka daban, sannan akwai ta Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Biyun farko shaida ce cewa hukuma ta san da zaman ƙungiyar. Ta CAC ce ke mayar da amintattun ƙungiya tamkar mutum guda a idon doka, wanda zai mallaki fili da sunansa, ya kai ƙara, a kai shi ƙara, kuma ya ci gaba da rayuwa bayan waɗanda suka kafa shi sun kwanta dama. Wannan maƙala a kan ta CAC take magana.

Abin da doka ta ce

Tsarin ya daɗe. Turawan mulkin mallaka sun kafa wata doka a 1924 domin majami'u da makarantu su iya riƙe fili ba tare da ya bi gadon kowa ba. A 1990 aka shigar da tsarin cikin Dokar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAMA. A ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar CAMA, inda sassa na 823 zuwa 850 suka ƙunshi sha'anin amintattu masu rajista.

Kafin rajista, doka tana son amintattu aƙalla biyu. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda ya karye bashi ya yi masa katutu, da wanda kotu ta samu da laifin zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara biyar da suka gabata. Sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanci sunan ƙungiyar ko ɗaya daga cikin amintattun. Sai kuma kundin tsarin mulki da zai bayyana manufa, yadda ake naɗa amintattu da cire su, yadda ake taro, wanda ke riƙe hatimi, da yadda ake binciken kuɗi. A aikace, lauya ko dillalin rajista ne ke kawo kundin da Turanci, an riga an tsara shi, a cike gurbin suna kawai. Shugabanni su sa hannu a kan ƙa'idojin da ba su karanta ba, su koma gida su ci gaba da tafiyar da ƙungiya yadda suka saba. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, wannan kundin da ke cikin durowa shi za a ɗauko.

Bayan rajista ne nauyin ke ƙaruwa. Sashe na 848 ya ce kowace shekara, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, amintattu su aika wa CAC rahoto mai ɗauke da sunayensu da adireshinsu, da na 'yan majalisar gudanarwa, da bayanin duk filin da ƙungiya ta mallaka, da duk canjin da aka yi wa kundin tsarin mulki, haɗe da lissafin kuɗi da odita ya bincika. Sashe na 845 ya ƙara da bayanin halin da ƙungiya ke ciki sau biyu a shekara. Littattafan kuɗi kuma a adana su shekara shida.

Sashe na 838 shi ne zuciyar dokar, kuma shi aka fi takawa ba da niyya ba. Ya ce dukiyar ƙungiya da kuɗin shigarta na manufarta ne kaɗai, ba a raba wa mambobi ko da sunan riba ko da sunan ihsani. Ya kuma hana 'yan majalisar gudanarwa riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar, in ban da waɗanda dokar ta keɓe, ko da yake ya halasta a mayar wa mutum kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, ko a biya shi hayar da ta dace idan ginin nasa ne. A dubi yadda Islamiyya ke kafuwa a garuruwanmu: malami ɗaya ne ya fara ta a zauren gidansa, shi ne shugaban amintattu, shi ne shugaban makaranta, shi ke karɓar kuɗin wata daga iyaye, shi ke biyan malamai, kuma daga ciki yake cin abinci. Babu wanda zai ce masa maci amana, sau da yawa ma nasa ne ke shiga ciki. Amma ranar da ya yi wa makarantar rajista a matsayin amintattu, ya sa hannu cewa ba tasa ba ce.

Hayaniyar sashe na 839

Da dokar 2020 ta fito, kusan duk muhawarar ta tattara a kan sashe ɗaya. Sashe na 839 ya ba CAC damar dakatar da amintattu ta naɗa manajojin riƙo idan ana zargin almundahana ko rashin iya gudanarwa, ya kuma tanadi cewa hukumar ko kashi ɗaya cikin biyar na mambobi za su iya neman umarnin kotu a kan haka. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi tir da shi nan take, ƙungiyoyin farar hula da dama suka mara mata baya. Tsoron yana da tushe. A Janairun 2017, wata ƙa'idar shugabanci da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar, wadda ta iyakance wa shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi shekara 20, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci majami'arsa a Najeriya. Kwana biyu bayan haka gwamnati ta sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka jingine ƙa'idar. A Afrilun 2023 kuma Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke sashe na 839 da wasu sassa da ke biye da shi, har da na rahotanni, bisa hujjar sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya.

Sai dai wanda ya ɗauka hukuncin ya sauke masa nauyi zai sha mamaki a banki. Shafin CAC na intanet bai daina karɓar rahoton shekara ba, kuma kowa na iya shiga ya rubuta sunan ƙungiya ya ga ko an rubuta tana raye ko ta kwanta. Jami'in banki yana dubawa, mai ba da tallafi yana dubawa. Kuma a gaskiya, mai wannan maƙala ba ya ganin Abuja za ta turo manajan riƙo ya karɓe kwamitin masallacin Juma'a a Basirka. Wannan faɗan manya ne masu manyan kadarori. Haɗarin ƙaramar ƙungiya daban ne.

Fili, gado, da amintaccen da ya rasu

A ɗauki misalin da duk wanda ya zauna a kotun shari'ar Musulunci ya san irinsa. Wani attajiri ya ba ƙungiya fili a bayan gari domin a gina ajujuwa. An yi a gaban mai unguwa da liman, an yi addu'a, an watse. Lokacin da za a rubuta takarda, sai aka sa sunan shugaban ƙungiya, domin shi ne idon kowa, kuma shi ya san hanyar ofishin filaye. Shekaru suka shuɗe, garin ya faɗaɗa, filin ya yi daraja. Shugaba ya rasu ya bar mata da 'ya'ya. Masu rabon gado suka buɗe akwatinsa suka tarar da takardar fili da sunansa. Magadan ba lallai azzalumai ba ne. Abin da suka gani a rubuce suke nema. Mai unguwan da ya shaida ya rasu, liman ya tsufa. Ƙungiya tana da takardar CAC a bango, amma filin da saboda shi aka ƙirƙiro tsarin amintattu tun 1924 bai taɓa shiga sunanta ba. Da an taɓa cike rahoton shekara ko sau ɗaya, da tambayar da ke ciki a kan filaye ta tona wannan giɓi tun mai shi yana da rai.

Ta fuskar fiƙihu maganar a fili take: abin da aka yi waƙafi da shi ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Doka ma ta bi wannan hanya, domin sashe na 850 ya ce idan kotu ta rushe ƙungiya, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa mambobi, sai dai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Matsalar ita ce shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau a cikin ƙungiyoyinmu wanda ya ce a rubuta, ko ya nemi rasit, sai a ce ba ya yarda da mutane.

Mutuwar amintacce ma tana da nata tarko. Babban taro ya zaɓi sabon mutum bai wadatar ba. Sai an kai wa CAC ƙudurin taron, an sake bugawa a jarida, an jira kwanakin ƙalubale, hukumar ta amince. Canjin da bai bi wannan hanya ba, doka ba ta san da shi ba. Ƙungiyar da aka yi wa rajista da dattawa biyar shekara ashirin da suka wuce, yau wataƙila biyu ne a raye, ɗayan ma ya koma Kano. Matasan da ke gudanar da ita suna sa hannu a yarjejeniya da sunan amintattu, alhali a kundin CAC ba su da suna. Ga kuma al'adar cusa sunan mai sarauta ko ɗan siyasa a jerin amintattu domin albarka. Idan girmamawa ake so, muƙamin uban ƙungiya ya isa. Amintacce aiki gare shi, kuma shi doka za ta tambaya.

Kuɗi, banki da haraji

A watan Agustan 2021 ruwa ya cinye wata gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa cikin ramin, mutum 21 suka rasa rayukansu. Irin waɗannan ranaku na ambaliya, gobara da haɗari su ne ranakun da hannun jama'a ke buɗewa. Nan da nan saƙo zai zagaya WhatsApp ɗauke da lambar asusu, kuma sau da yawa lambar ma'aji ce ta ƙashin kansa, ko ta wani mai POS da aka yarda da shi. Kuɗin marayu su haɗu da kuɗin takinsa da na cefanensa a wuri ɗaya. Ko waliyyi ne, bayan wata uku ba zai iya rarrabewa ba, kuma ba shi da abin da zai kare kansa ranar da aka fara gunaguni a majalisa.

Buɗe asusun ƙungiya kuwa yana da nasa matakai. Banki zai nemi takardar CAC, lambar haraji, ƙudurin amintattu, BVN na masu sa hannu, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da aka kafa a 2005 wanda yanzu ke ƙarƙashin EFCC. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta cire ƙungiyoyin agaji daga jerin sana'o'in da ake sa wa ido na musamman, amma dokar hana ta'addanci ta wannan shekarar ta bar sa-ido a kansu, bankuna kuma ba su daina tambayar takardar ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5, ƙungiya mai rajista sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. A taron ƙaddamar da asusun gina masallaci, inda baƙo na musamman ke zuwa da jaka, wannan iyaka ba ta da nisa kamar yadda take a da.

Matsin daga waje yake zuwa. Hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗi a duniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake bibiya a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. Manya ma ba su tsira ba. Action Against Hunger, wadda ta gudanar da shirin tallafa wa mata masu juna biyu da kuɗin wata a Buji, maƙwabciyar Birnin Kudu, ita ce sojoji suka rufe wa ofisoshi a arewa maso gabas a Satumbar 2019, ita da Mercy Corps, kafin a janye dakatarwar a ƙarshen Oktoba. Ƙungiyar waje da ta ga irin wannan, idan za ta ɗauki abokiyar aiki a Gwaram, takardu za ta fara tambaya kafin ta tambayi rijiya nawa aka haƙa.

Batun haraji gajere ne amma ana yawan kuskurensa. An yafe wa ƙungiyar agaji haraji a kan gudummawar da take samu, ba a yafe mata a kan kasuwanci ba. Idan ta gina shaguna a jikin katangar makaranta ko ta sayi injin casar shinkafa tana karɓar kuɗi, wannan ɓangare yana iya shiga lissafin haraji. Yafiyar kuma ba ta ɗauke wajibin kai bayanan shekara ga hukumar harajin tarayya ba, wadda dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 suka sake wa suna da tsari daga Janairun 2026. Harajin albashin ma'aikata na hukumar harajin Jihar Jigawa ne. Sabuwar dokar ta yafe Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, don haka yawancin malaman Islamiyya ba za a cire musu komai ba, amma dole a sami takardar albashi da za ta nuna hakan.

Inda dokar ta yi nauyi

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan ƙungiyoyi. Dokar ta auna kowa da mudu ɗaya. Gidauniyar da ke juya biliyoyi a Legas da ƙungiyar matan Kiyako da ke tara ɗari biyu-biyu duk mako, abu ɗaya ake nema a wurinsu: odita mai lasisi, rahoto ta intanet da Turanci, sanarwa a jaridar da ba ta zuwa garin. Kuɗin odita kaɗai yana iya fin abin da ƙaramar ƙungiya ke tarawa a shekara. Ingila, wadda masu tsara sashe na 839 suka kwaikwayi dokarta, ba ta yi haka ba. A ƙarƙashin dokarta ta 2011, yawancin ƙungiyoyin da kuɗin shigarsu bai kai fam 5,000 ba ba sai sun yi rajista ba, wadda ta haura fam 25,000 wani mai zaman kansa da ya san lissafi ya duba mata littafi ya isa, cikakken odita kuwa sai an haura fam miliyan 1. An ɗauko ikon hukuma daga can, an baro sassaucin.

Don haka shawarar farko ga ƙungiyoyin kansu ita ce, ba kowace ce ke buƙatar CAC ba. Wadda ba ta da fili, ba ta da ma'aikata, ba ta neman tallafin waje, takardar ƙaramar hukuma da littafi mai tsabta sun ishe ta. Wadda ta riga ta yi kuma ta ga ba za ta iya ba, sashe na 849 ya buɗe ƙofar haɗewa da mai irin manufarta, duk da cewa a garin da kowa ke son a kira shi ciyaman wannan ƙofa ba za ta yi cunkoso ba.

Ga Majalisar Tarayya, gyaran da ya fi kowane amfani shi ne a kasa ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, a yafe wa ƙanana odita, a karɓi sanarwa a gidan rediyon jiha a madadin jarida. Kafin wannan ya samu, akwai abin da za a iya yi a gida. Masarautar Dutse tana da kwamitin zakka da waƙafi da ya yi suna tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, kuma yana aiki ta hannun hakimai da dagatai har ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu. Wannan tsari zai iya buɗe kundin filayen waƙafi a kowace gunduma, a rubuta wanda ya bayar, da iyakokin filin, da sunan da ke kan takardarsa, tun shaidu suna raye. Sashen walwalar jama'a na ƙananan hukumomin biyu kuma zai iya ɗaukar akanta ɗaya mai lasisi a watan Yuli, ƙungiyoyi ashirin ko talatin su haɗa kuɗinsa, ya zauna a sakatariya mako biyu ya duba littattafansu, sannan jami'in CAC daga ofishin Dutse ya zo a shigar da rahotannin gaba ɗaya kafin 31 ga Disamba.